Sunan Yayana a Bakin Mai Fassara

Twaha bai taɓa cire takalmi ya bar shi yadda ya faɗi ba. Duk ranar da ya zo gidanmu a unguwar Kawempe sai ya tsuguna a bakin ƙofa, ya kwance igiyar a hankali, ya cusa ta ciki, ya jera ƙafa biyun suna kallon waje, sannan ya yi sallama. Abin da na fara lura da shi ke nan a tare da shi, tun ban iya ɗaga ido in kalli fuskarsa ba. A raina na ce wanda yake lallaɓa igiyar takalmi haka ba zai taka zuciyar mutum da gangan ba. Har yanzu ban ce da gangan ya yi ba. Amma ya taka, 'yan uwa.

Wanda yau ya fara karanta labarina, sunana Mastula. Tarbiyyar yara na karanta a jami'a, yanzu ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare mai zaman kanta. Ba ni da yawan magana. In ana hira a gida, ni ce mai kawo shayi, ni ce mai kwashe kofuna. Ina zaune da Madina, matar marigayi yayana Badru Semakula, da 'yarsu Nulu mai shekara bakwai, wadda take makarantar da nake koyarwa. Yaya ɗan sandan hanya ne, masu fararen kayan nan. Bara wata babbar mota da birkinta ya tsinke ta same shi a tsakiyar mararraba yana ba da hannu. Farar hularsa tana nan a kan kabad. Nulu ce take goge ta duk Juma'a da ƙasan rigarta.

Twaha kuwa mai fassarar fim ne. Kun san yadda suke yi: a ɗauko fim ɗin waje, a rage muryar 'yan wasan, shi ya hau kai da yarenmu, ya ba da labari, ya ƙara gishiri, ya raɗa wa kowa sunan da ya ga dama, tsakiyar faɗa ya tsaya ya gaishe da mai gyaran babur na kwanarsu. A gaban makirfo kamar an ɓalle famfo. A gabana kuwa sai ya yi ta murza hularsa yana neman kalma. Sun san juna da Yaya, ta'aziyya ta kawo shi gidanmu, daga nan ƙafarsa ta saba.

Sai Senga Jaliya, ƙanwar babanmu; Senga muke ce wa gwaggo. Tun da iyayenmu suka rasu ita ce bakin gidan, kuma ko da suna raye, a wurinmu gidan Senga saurayi yake fara zuwa da mutanensa a gabatar da shi. In ta rufe ƙofarta, magana ta mutu. An sa Lahadi mai zuwa. Ta riga ta canza labulen falonta, ta ɗinka sabuwar gomesi ruwan goro, doguwar rigar matanmu mai tsinin kafaɗa, ta sanar da duk wanda ta sani da wanda ba ta sani ba cewa 'yarta mai shiru-shirun nan ta kamo wanda muryarsa take cikin kowane gida.

A farkon makon Madam Atim, shugabar makarantarmu, ta kira ni ofis.

"Mastula, mutumin naki ya ce zai kawo majigi ranar Asabar, bikin rufe zango. Fim ɗin 'yan sanda ne na barkwanci. Ke ce mai digirin yara, ki kalla ki gaya min ya dace ko bai dace ba. In kin ce e, shi ke nan. In kin ce a'a, mu koma tseren buhu da ƙwai a cokali, yara su tsine mana."

"To, Madam."

"Kada ki ce min to kina kallon ƙasa. Yara kusan ɗari biyu ne, har da 'yan rainon da ko atishawa mai ƙarfi tana sa su kuka. Ban son iyaye a ofishina."

Ya turo min ainihin fim ɗin, wanda ba a taɓa ba, na kalla a kwamfuta bayan an tashi. 'Yan sanda biyu ne, ɗaya siriri mai wayo, ɗaya ƙato mai tumbi wanda komai ya taɓa sai ya lalace, suna bin ɓarayin da suke ɓoye zinare a cikin kifi. Gaskiya na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Ana ta harbi ba jini, mota ta kife mutane su fito suna gyara tabarau. Akwai inda suka shiga gidan rawa, mata ba kayan kirki, wannan ɗan gajere ne, ana iya tsallakewa. Akwai inda suka ɗaure wanda ake zargi a kujera suna marinsa da ɗanyen kifi. Wannan ya tsaya min a rai, don ban son yaro ya koyi cewa dukan ɗaurarre abin dariya ne in dai mai dukan yana da hula. Sai kusan ƙarshe, ƙaton ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga hannu zai tsayar da motar ɓarayin. Motar ta kwashe shi, ya yi sama yana wutsil-wutsil, ya faɗa cikin tulin kankana, ya miƙe ya karkaɗe wando.

Nan na rufe kwamfutar. Na ce wannan wurin kam ko da hannuna zan rufe majigin.

Na rubuta masa:

"Na kalla. Wuri uku sai an yanke. Amma yara ba wannan za su ji ba, muryarka za su ji. Turo min wanda ka fassara."

"Malama sarkin bincike. Bari sai ranar, akwai tsaraba a ciki."

"Ba na sa hannu a abin da ban ji ba."

"Ko ni ba ki yarda da ni ba?"

"Aikina ne."

Ya turo hoton fuska mai hawaye, sannan ya turo fim ɗin.

Ranar Alhamis a ɗakin malamai na kunna, lokacin tara, abin ji a kunnena, kofin shayi da rabin capati, wainar fulawarmu, a gabana. Muryarsa ta cika min kai, mai daɗi kamar kullum. Ya gaishe da makarantarmu, ya gaishe da Madam Atim, ya ce yara su zauna da kyau kada su cinye farcensu. Sai ƙaton ya fito daga mota, wandonsa ya maƙale a ƙofa ya yage. Twaha ya ɗaga murya:

"Jama'a ku buɗe hanya, ga maganin ɓarayi, ga dodon direbobi, Afande Semakula na Kawempe ya iso!"

Na zaci kunnena ne. Na mayar baya. Haka ya ce: Afande, yadda muke kiran ɗan sanda, sannan sunan Yaya. Na tura gaba. Ƙaton ya zame a kan kifi ya faɗa kwata: "Afande Semakula, tashi mana, aiki na jira!" Kare ya bi shi ya hau bishiya reshen ya karye: "Afande Semakula, tashi mana, aiki na jira!" Duk faɗuwa sai ya faɗe ta, da wani ɗan kiɗa a muryarsa, irin wanda yake manne wa yaro a baki kamar cingam. Na ja zuwa wurin motar. Ƙaton ya ɗaga hannu a tsakiyar titi, daidai yadda Yaya yake ɗagawa.

"Wayyo! Afande Semakula ya tafi sama ba tikiti! Ku ɗaga masa hannu, yara!"

Ban san na ture kofin ba sai da malamin lissafi ya janye littattafansa yana cewa lafiya. Na ce lafiya lau. Ni da ko sauro ba na iya yi wa tsawa, a lokacin da Twaha yana gabana da na fasa masa wayar a goshi.

Ku da ba ku koyarwa ba za ku gane ba. Na san yara. Ba mugunta gare su ba, amma in suka sami waƙa ba sa ajiye ta. Makarantar nan gaba ɗaya ta san sunan baban Nulu, da motar makaranta aka kai 'yan ajinsu gaisuwa. Daga ranar Asabar, duk sanda Nulu ta yi tuntuɓe a filin wasa, yara talatin za su zagaye ta suna tafi: tashi mana, aiki na jira. Hutu ba zai goge ta ba. Har ta gama firamare da ita za a kira ta.

Na fara rubuta masa saƙo. Na goge. Na sake rubutawa, ya yi tsawo har ya koma kamar takardar jarrabawa, na goge. Ƙarshe abin da na iya turawa:

"Me ya sa sunan Yaya?"

"Kin ji tsarabar ke nan! Ya kika gani?"

Ya kika gani. Da alamar dariya har uku a baya. Ban amsa ba, don in na amsa ba zan iya tsayawa ba.

Ko minti biyar ba a yi ba Senga ta kira. Ashe ya riga ya yi mata albishir.

"'Yata! Kin ji abin arziki? Sunan gidanmu a fim! Masu shaguna roƙonsa suke ya ambace su sau ɗaya, mu kuwa daga farko har ƙarshe. Ɗan dangi ma bai yi mana haka ba."

"Senga, kin kalla?"

"Me zan kalla, ba sunan ɗana ba ne a ciki? Gobe bayan Juma'a ina zuwa, na ce masa ya zo da shi mu kalla tare da Madina. Ki dafa matoke mai laushi, ba irin na rannan da kamar dutse ba."

"Senga, akwai matsala a..."

"Matsalarki ke nan, karatu ya yi miki yawa. Komai sai kin tona. Saura kwana nawa Lahadi? Ki riƙe bakinki yadda kika saba, shirun nan naki shi ya jawo miki shi."

Ta kashe.

Da safen Juma'a, ba karatu saboda shirin biki, muna zaune a bayan gida ni da Madina muna feraye matoke, ɗanyar ayabar da muke dafawa, danƙon ya baƙanta mana yatsu. Na gaya mata komai ina kallon wuƙa. Ba ta daina feraya ba. Sai da ta gama wanda yake hannunta, ta jefa a ruwa, ta ce:

"Har wurin motar?"

"Har wurin."

"Bar shi ya zo. Ina so in gani da idona."

"Maman Nulu, ba sai kin..."

"Na ce bar shi. Nulu dai ta tafi islamiyya da wuri. Ki ce mata in an tashi ta dawo kai tsaye, ban da tsayawa shagon Kagimu."

Kullum sai an faɗa mata haka, kullum sai ta tsaya. Shagon Kagimu yana kwanar layinmu, inda ake tura wa mutane fina-finai a waya da filas. Ya kafa talabijin tana kallon titi da lasifika ƙatuwa, duk sabon fim ɗin da masu fassara suka saki na ƙarshen mako a nan ake fara jin sa, yaran unguwa su yi cincirindo da jakunkunansu a baya.

Senga ta iso a kan acaɓa, ta zauna a karkace kamar amarya, gomesinta shuɗiya, ɗamarar ta kusa taɓa ƙasa, turarenta ya riga ta shiga falo. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama haɓata ta juya fuskata hagu da dama.

"Wannan fuskar ta zaman makoki fa? Shafa hoda. Ki cire wannan ɗankwalin na masu wanki."

Bayanta kaɗan Twaha ya zo, farar riga an goge ta har tana ɗaukar ido, leda a hannu da burodi da sukari. Ta labule na hango shi ya tsuguna yana kwance igiyar takalmi, ya cusa, ya jera. Da can abin nan yana sa ni murmushi. Ranar ji na yi kamar in ɗauki takalman in wurga kan rufi.

Aka ci abinci. Senga ta yi ta tura masa miyar gyaɗa tana cewa angonmu bai ci komai ba. Na kawo shayi na durƙusa na zuba wa kowa, na koma gefen kabad na zauna a tabarma. Ya soka filas a talabijin, ya waiwayo ya yi min murmushi. Ban mayar ba.

Da sunan ya fito karon farko Senga ta buga guɗa ta daki cinyarta.

"Kun ji! Kun ji ɗana! Dodon direbobi, wallahi haka yake!"

Da ƙaton ya faɗa kwata ta yi dariya, amma ta ɗan gajarta. Da kare ya bi shi ta ce, "Kai, Twaha, ba ka da dama," tana satar kallon Madina. Madina ta haɗa hannuwa a cinya, idonta a kan talabijin, ko ƙiftawa ba ta yi. Twaha yana ta bin bakin kansa a hankali, yana jin daɗin aikinsa, bai ga komai ba. Mutumin da yake ganin ƙurar da ta hau takalminsa bai ga fuskar matar da take zaune a gabansa ba.

Na ɗauki rimot na tura fim ɗin gaba.

"Ke, me haka?" in ji Senga.

"Akwai inda nake so ki gani."

Ƙaton ya ɗaga hannu. Motar ta taho. Muryar Twaha ta cika falon: ya tafi sama ba tikiti, ku ɗaga masa hannu, yara. Na tsayar da shi daidai inda yake cikin iska, ƙafafu a sama, hularsa ta rabu da kansa. Farar hular Yaya tana kan kabad, taku biyu daga talabijin.

Sai na ji kaina a tsaye.

"Wannan za ka nuna wa Nulu gobe?"

"Malama, ai kin ce za a yanke wasu wurare, sai a..."

"A yanke me? Sunan yana ko'ina! In na yanke duk inda ka kira shi, me zai rage, gaisuwar Madam Atim?"

"Mastula!" Senga ta zaro ido. "A tsaye kike magana a gabana? A gaban baƙo? Koma ƙasa!"

Tun ina yarinya ban taɓa yi wa Senga magana ba sai gwiwata a ƙasa. Ƙafafuna da kansu suka so lanƙwashewa. Na ƙi.

"Ki yi haƙuri, Senga, yau a tsaye zan faɗa. An ba ni aiki in duba ko fim ɗin nan ya dace da yara. Harbin da ke ciki na wasa ne, na yafe. Gidan rawar ana tsallakewa. Dukan ɗaurarre ma da sai in tsaya a gaban aji in yi musu bayani. Duk wannan fim ɗin mutanen waje ne, yaro ya san ba a layinsu ake yi ba. Shi ya ɗauko shi ya kawo shi Kawempe, ya sa masa sunan mutumin da yaran nan suka je gaisuwarsa!"

"Girmamawa ce!" in ji Senga. "Wa ya taɓa sa sunan ubanki a fim?"

"Girmamawa a cikin kwata?"

Twaha ya ajiye kofinsa. Murmushin ya tafi. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba irin muryar makirfo ba.

"Shi ya roƙe ni."

"Wa?"

"Badru. Duk sanda na biyo ta mararrabarsa a babur sai ya busa min usur, in tsaya gabana yana faɗuwa, in zaci laifi na yi. Sai ya leƙo ya ce, kai mai surutu, yaushe za ka sa ni a fim? Na ce sai na sami jarumin da ya dace da shi. Ya ce wane jarumi, kada ka ba ni siririn nan mai ɗaure fuska, mai tumbin nake so, wanda yake faɗuwa, shi yara suke so. Na yi ta cewa sai wani makon." Ya murza hularsa. "Da na ga fim ɗin nan, shi na gani. Alkawari na cika, Mastula. Ban yi don in ci mutuncinsa ba."

Na juya ga Madina ina jiran ta ƙaryata shi.

"Gaskiya ne," ta ce. "Ya sha faɗa a gidan nan. Har kwaikwayon faɗuwar yake yi wa Nulu a kan katifa."

'Yan uwa, da ƙarya ya yi da ya fi min sauƙi. Don na san Yaya, ina jin muryarsa yana faɗin haka, ina ganin tumbinsa yana rawa da dariya. Kuma abin mamaki, fushin bai sauka ba. Ƙaruwa ya yi.

Senga ta tafa hannu. "To, kin ji! Mai suna ya ba da sunansa, ke wace ce? Zauna ki ba mutum haƙuri."

"Da ransa ya roƙa, Senga."

"Me?"

"Da ransa ya roƙa! Da yana nan, gobe zai zo makaranta da farin kayansa, ya zauna a kujerar yara, ya ɗora Nulu a cinya. Mota ta kwashe na cikin fim, yara su kwashe da dariya, ita ta waiwayo ta gan shi yana dariya ya fi kowa. Wannan fim ɗin ya roƙa. Gobe in ta waiwayo, wa za ta gani?"

Twaha ya sunkuyar da kai. Mutumin da yake magana awa biyu ba numfashi.

Madina ta miƙa hannu ta karɓi rimot daga wurina. Ta saki fim ɗin. Ƙaton ya faɗo cikin kankana, ya miƙe, ya karkaɗe wando, muryar Twaha tana cewa tashi mana, aiki na jira. Ta kashe talabijin.

"Wannan ya tashi," ta ce. "Har yau in Nulu za ta yi barci sai ta tambaye ni ko Baba ya ji zafi. Ina ce mata bai ji ba, nan take ne. In ta ga wannan, tambayar da za ta yi min daban ce, kuma ba ni da amsarta."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da Senga ta sami abin rarrashi. Sai Senga ta juyo kaina, don dole fushinta ya sauka a kan wani.

"Duk ke kika haɗa wannan. Da kin kira shi gefe kin gaya masa a hankali, kamar mace mai tarbiyya. Sai kin tsinka shi a gaban mutane? In kika tura wa shugabarku a'a, gobe duk Kawempe ta ji cewa budurwarsa ce ta hana fim ɗinsa. Da wane ido zai shigo gidana da mutanensa? Ki ce mata e, shi kuma ya rage abin da zai rage, Nulu ta zauna a gida gobe. Shi ke nan, kowa ya huta."

"A hana ta bikin makarantarsu don a ji daɗin yi wa ubanta dariya? Sauran yaran fa, in aka dawo hutu bakinsu za a ɗinke?"

"Mastula, in kika taɓa wayar nan, ranar Lahadi kada wanda ya taka ƙofata. Na rantse."

Na kalli Twaha. Ina so ya ce wani abu. Ya ce Senga bar ta, gaskiyarta ne. Ya ce zan sake ɗauka. Ko ya ce ban yarda ba, mu yi faɗa. Kansa yana ƙasa yana kallon shayin da ya huce. Ina son mutumin nan, kada ku zaci ba na son sa. Na riga na zaɓi kalar gomesin da zan sa ranar Lahadi, tana rataye a ɗaki cikin leda.

Na ɗauko wayar a kan kabad, kusa da hular. Na rubuta a gabansu, ina faɗa da baki don kowa ya ji:

"Madam, na kalli fim ɗin da fassararsa. Bai dace da yara ba. A shirya buhuna da cokula."

Na tura. Alamar ta nuna ta karanta. Senga ta dafe ƙirji ta fara kiran sunan babanmu tana cewa ya zo ya ga abin da jami'a ta mayar da 'yarsa. Ta shiga naɗe ɗamararta tana neman jakarta, tana faɗin labulen da ta canza, da mutanen da ta gayyata, da bakin da za a yi mata a masallaci.

Ni kuwa wani abu ne ya faɗo min. Yau Juma'a. Ranar da masu fassara suke sakin sabon aiki.

"Twaha."

Ya ɗago.

"Mu kaɗai muke da shi, ko? Ba ka ba masu shaguna ba tukuna?"

Ya zaro wayarsa ya duba, na ga yatsansa ya tsaya cak a kan gilashin. Ya kalli agogon bango. Ni ma na kalla. Lokacin tashin islamiyya ya yi, kuma hanya ɗaya ce daga can zuwa gida, ta gaban shagon Kagimu.

Madina ta miƙe tana laluben mayafinta.

Twaha ya tashi. Bai kalle ni ba, bai yi wa Senga sallama ba, ko filas ɗinsa bai cire ba. Ya ɗaga labule ya fita. Na bi shi zuwa bakin ƙofa, na ga ya zura ƙafa a takalman ya take bayansu, ya nufi ƙofar gida, igiyoyin suna jan jar ƙasa a bayansa.